John Williams da Hans Zimmer: Yadda Kowannensu Ya Yi Wa Superman Kiɗa

Tambaya: Ina haɗa kiɗan fim a situdiyo da fiyano da kwamfuta. Na saurari kiɗan Superman na 1978 da na Man of Steel na 2013. Jarumi ɗaya ne, amma kiɗan ko kusa ba su yi kama da juna ba. Mene ne ainihin bambancin aikin John Williams da na Hans Zimmer, kuma wanne ya fi dacewa mai koyo ya bi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka zaɓi misalin da ya fi kowane sauƙin awo, tunda jarumin bai canza ba, shekara 35 ce kawai tsakanin finafinan biyu. Bambancin yana farawa ne tun daga abin da kowannensu yake nema a ranar farko ta aiki. Williams yana neman take, wato gajeren karin da za a ji a ce ga wane nan tafe, sannan ya bi hoton fim daƙiƙa bayan daƙiƙa yana juya wannan taken gwargwadon abin da ke faruwa. Zimmer kuwa yakan fara da neman irin sautin da fim ɗin zai tsaya a kai da kuma bugun da zai ɗauke shi, ya bar karin ya zama ɗan ƙanƙane, ya yi ta ɗora masa kaya har ya cika ɗakin kallo. Kiɗan Williams yana gabatar da jarumi ga jama'a. Na Zimmer yana ƙoƙarin sa ka ji abin da jarumin yake ji a ƙirjinsa.

Mu fara da Williams. Richard Donner ne ya ba da umarnin fim ɗin 1978, Christopher Reeve ya fito a matsayin Superman, kuma babbar ƙungiyar makaɗa ta London Symphony Orchestra ce ta kaɗa kiɗan a Ingila, ƙungiyar da ta yi masa Star Wars shekara ɗaya kafin nan. Williams yana aiki da fensir da takarda a gaban fiyano. Yakan rubuta kiɗan a taƙaice a layuka kaɗan, amma da bayanin wane kayan kiɗa zai ɗauki wane sashe, sai mai shimfiɗa kiɗa, a wancan lokacin galibi Herbert Spencer, ya fitar wa kowane makaɗi nasa shafin. Babu wanda yake jin kiɗan a cike sai ranar da makaɗa suka zauna. Shi ya sa labarin Donner ya shahara, cewa da ya ji taken a karon farko farin ciki ya kama shi har ya ɗaga murya ya ɓata naɗin, kuma ya sha faɗa cewa kiɗan kamar yana kiran sunan jarumin da bakinsa. Gaskiya ya faɗa. Akwai sautuka uku a jere, biyu gajeru ɗaya dogo, da suka faɗa daidai a kan gaɓoɓi uku na sunan.

Abin da mutane suke kira taken Superman a dunƙule, sassa uku ne. Akwai busar sanarwa da begila ke yi a farko. Ƙashin bayanta sautuka biyu ne, do da so. A fiyano, ka ɗora yatsa a kan C, ka ƙirga farare biyar ka sauka a kan G, wannan ita ce tazarar da makaɗa ke kira ta biyar. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan salla ya san ƙarfin irin wannan tsalle, domin kakaki ma sauti biyu ne aikinsa, ɗaya ƙasa ɗaya sama, kuma da an busa kowa ya san sarki ya fito. Dalilin yana cikin ƙirar kayan: dogon bututun ƙarfe marar ramuka irin waɗannan sautuka yake bayarwa da kansa, shi ya sa busar fada da ta soja a ƙasashe da yawa suka taru a kansu tun zamanin da. Williams ya jingina da wannan tsohon sani na kunne. Sashe na biyu shi ne bugun share fage, inda manyan goge ke maimaita sauti ɗaya a ƙasa da zubi mai kashi uku-uku kamar sukuwar doki, yana ƙara ƙarfi a hankali. Na uku shi ne taken macin kansa, mai faɗi, wanda ƙahonnin tagulla ke ɗauka.

Amfanin raba shi uku yana bayyana ne a cikin fim. Ka duba fitowar jirgin sama mai saukar ungulu, bayan fim ya haura awa ɗaya, inda 'yar jarida Lois Lane take reto a saman benen jaridar Daily Planet. Lokacin da Clark, wato Superman cikin kayansa na ɗan jarida, ya ga abin da ke faruwa ya fara gudu, bugun share fagen nan ne ke shigowa, shi kaɗai. Ɗan kallo ya riga ya haddace shi tun daga rubutun sunayen farko, wanda ya ɗauki kusan minti biyar, don haka jikinsa ya san abin da ke tafe. Da Clark ya buɗe riga alamar ta fito, sai busar ta amsa. Cikakken macin kuwa an riƙe shi sai da ya cafe Lois da hannu ɗaya ya tare jirgin da ɗayan. Kowane sashe yana da aikinsa da lokacinsa, kuma an biya ɗan kallo bashin da aka ci masa a daidai inda ya kamata. A ganina wannan fitowa ta isa darasin wata guda ga mai koyon kiɗan fim.

Bayan wannan akwai taken soyayya, wanda ke hawa daga do zuwa mi zuwa so sannan ya yi tsalle sama, akwai taken duniyar Krypton inda aka haifi jarumin, akwai na garin Smallville inda ya taso da iyayen riƙo, akwai kuma macin mugaye wanda babban ƙahon tuba ke yi da sigar barkwanci. A nan ne nake ganin raunin aikin. Macin mugayen ya dace da Otis, yaron aikin Lex Luthor, babban mugun fim ɗin, amma ya rage wa Luthor kwarjini, har mutum bai cika jin tsoronsa ba. Haka nan baitukan da Leslie Bricusse ya rubuta wa taken soyayya, waɗanda Margot Kidder ta karanta a kan kiɗan lokacin da suke shawagi a sama, sun danne karin da ba ya bukatar taimakon kowa. An saka kiɗan a jerin masu neman kyautar Oscar, amma Giorgio Moroder ne ya ɗauka da Midnight Express, wanda kiɗan na'ura ne. Tun a wannan shekarar alamar inda kiɗan fim zai dosa ta fara fitowa.

Zimmer, haifaffen Frankfurt ta Jamus a 1957, ya taso ne ta hanyar kiɗan zamani da na'urorin ƙirƙirar sauti, kuma situdiyo ita ce kayan kiɗansa. Yana tsara komai a kwamfuta da sautukan da aka naɗa aka adana, darakta ya zo ya ji kusan yadda abin zai kasance tun kafin a kira makaɗi ko ɗaya. Sau da yawa ma ba ya jiran hoto. Yakan rubuta doguwar shimfiɗa mai ɗauke da duk dabarun fim ɗin, a miƙa wa masu tace hoto su yanka a kanta. Na Man of Steel an fitar da ita a babban kundin kiɗan, tsawonta kusan minti 28, kuma ina ba ka shawara ka saurare ta daga farko har ƙarshe, domin a nan za ka ga yadda yake tunani kafin hoto ya matse shi.

Zack Snyder ne daraktan fim ɗin, Christopher Nolan yana cikin furodusoshi, kuma an yanke tun farko cewa ba za a taɓa taken Williams ba. Zimmer ya faɗa a hirarraki cewa ya daɗe yana jan ƙafa saboda nauyin wancan taken. Mafitar da ya samu ita ce ya nufi Clark ɗan manomi na jihar Kansas, ya ƙyale Superman mai alkyabba. Taken nasa yana farawa da fiyano na tsaye irin na gida, a hankali, sauti biyu-biyu masu tsalle sama, da shiru a tsakaninsu. Abin lura shi ne tsallen nan ɗan gidan su na Williams ne, faffaɗar tazara mai hawa. Kayan ginin ɗaya ne. Williams ya ba begila ta faɗe shi da ƙarfi a minti na farko, Zimmer ya ba fiyano ta faɗe shi ƙasa-ƙasa kamar mai shakkar kansa, kuma bai bar shi ya tsaya da ƙafafunsa a cike ba sai a ƙarshen fim, lokacin da Clark ya sa tabarau ya shiga ofishin Daily Planet. Tunda labarin na mutum ne da bai gama zama Superman ba, wannan jinkiri yana da hujja.

Sauran ƙarfin ya fito ne daga zaɓen kayan kiɗa. Ya tara manyan makaɗan ganga fiye da goma a ɗaki ɗaya, cikinsu har da Sheila E., Jason Bonham, Jim Keltner da Pharrell Williams, suka kewaye makirfo suna buga zubi ɗaya tare. Mutum goma ba za su taɓa sauka a kan bugu a daidai lokaci ɗaya ba, kowa yana gaba ko baya da ɗan abin da kunne ba ya rabewa, kuma wannan ɗan saɓanin shi ne ke ba bugun kauri. In ka kwafi ganga ɗaya sau goma a kwamfuta, ƙara kawai za ka samu, kaurin ba zai zo ba. Sannan ya kawo masu jitar ƙarfe ta kwance guda takwas, wadda aka fi sani a kiɗan karkarar Amurka, ya sa su ja dogayen sautuka a inda aka saba sa goge. Ya kuma yi amfani da kayan kiɗa na ƙarfe da Chas Smith ya ƙera da hannunsa don sautin Krypton. Tom Holkenborg, wanda aka fi sani da Junkie XL, ya yi aiki tare da shi, kuma wannan ma bambanci ne: kiɗan Zimmer aikin tawaga ne a kamfaninsa na Remote Control da ke Santa Monica.

Ka kwatanta fitowar jirgin nan da fitowar Man of Steel inda Clark ya fara koyon tashi a kan ƙanƙara. Ya yi tsalle, ya faɗi ya fasa dutse, ya durƙusa ya dafa ƙasa da dunƙulen hannu, sannan ya tashi. Kiɗan bai bi waɗannan motsi ɗaya bayan ɗaya ba. Haɗin sautuka kaɗan ne ke ta zagayowa, ganguna na shigowa, ƙahonni na hawa a kai, komai yana kumbura zuwa wuri guda. Williams yakan sauya mazaunin kiɗa, wato sautin da karin ya kafu a kai, sau da yawa cikin minti ɗaya don ya sabunta kunne. Zimmer yakan zauna a mazauni ɗaya ya sabunta kunne da nauyi da kauri.

Wannan salo ya riga ya nuna a finafinan Batman na Nolan, waɗanda biyun farko ya yi su tare da James Newton Howard. Alamar Batman sauti biyu ce kacal, D zuwa F, a kan goge masu gudu a ƙasa. Ta Joker, abokin gabar Batman, a The Dark Knight na 2008 ta fi haka ƙanƙanta: sauti ɗaya da Martin Tillman ya ja a kan celo, wani babban goge, yana zamewa sama a hankali har ya takura wa kunne. Ba za ka iya rera shi ba, amma da ya fara ka san masifa ta kusa. Masu cewa Zimmer bai iya karin da ake riƙewa ba kuwa, sai su saurari taken Wonder Woman a Batman v Superman na 2016, wanda Tina Guo ta kaɗa da celo mai lantarki a kan bugu bakwai-bakwai. Ya iya. Yawanci dai ba shi yake nema ba.

Raunin hanyarsa a Man of Steel yana cikin kashi na ƙarshe, yaƙin birnin Metropolis. Kiɗan da ƙarfinsa yake cikin hawa yana bukatar wurin da zai hau zuwa. In ganguna sun kai ƙololuwa aka zauna a can minti bayan minti, ga ƙarar rushewar benaye a kai, kunne yakan gaji ya daina ji, kuma da wuya ka raba kiɗan Janar Zod, mugun fim ɗin, da na sauran faɗan.

Akwai dalilin sana'a da ya sa salon Zimmer ya mamaye finafinan jarumai, ban da zancen ɗanɗano. Kiɗan Williams yana son hoton da aka gama yankawa aka kulle. Yakan tsaya gaban makaɗa yana kallon allo, wani layi yana ratsa hoton daga gefe zuwa gefe yana nuna masa inda zai sauka, yana ja yana sassautawa da hannunsa. In aka cire daƙiƙa uku daga fitowar bayan an naɗa, jimlar kiɗan ta karye. Yau kuwa ana tace fim a kwamfuta, ana canza shi har kusan ranar fitarwa, musamman mai yawan hotunan kwamfuta. Kiɗan da ke kan awon bugu tsayayye, aka naɗi ganguna daban, goge daban, ƙahonni daban, ana iya yanke masa gaɓa huɗu (gaɓa ita ce ƙaramin rukunin bugu da ake auna kiɗa da shi) a liƙe ba wanda ya lura. Ga kuma yanka hoto da ya ƙara sauri, ga ƙarar fashe-fashe da ta cika wurin da kari zai bi. Duk da haka taken Williams ya ƙi mutuwa. John Ottman ya dawo da shi a Superman Returns na 2006, Danny Elfman ya ɗan taɓo shi a Justice League na 2017, kuma a Superman na James Gunn na 2025 John Murphy da David Fleming sun gina nasu a kansa.

To, wanne za ka koya? Ka koyi rubutu a wurin Williams, ka koyi sarrafa sauti a wurin Zimmer, kuma ka fara da na farkon, domin shi ne ba ya samuwa da sayen manhaja. Gwajin take mai sauƙi ne: ka kaɗa shi da yatsa ɗaya a fiyano, ba ganga ba amo. In wanda ke ɗakin ya iya maimaita shi da baki bayan ji biyu, ka samu. Kada ya wuce gaɓa huɗu zuwa takwas, kuma ya kasance sautuka uku ko huɗu na farkonsa za su iya tsayawa su kaɗai, don a yawancin fitowa daƙiƙa biyu ko uku kawai za a ba ka. Daga nan ka rubuta shi ta fuska uku aƙalla: ta nasara da ƙahonni, ta baƙin ciki a hankali da kayan kiɗa ɗaya, da ta fargaba inda farkonsa kawai zai fito a ƙasa bai ƙarasa ba. Cikakkensa kuma ka yi rowarsa, sau biyu ko uku a fim ya isa.

Saukar da kiɗa a kan hoto lissafi ne. A fim mai hoto 24 a daƙiƙa, ka raba 1440 da saurin kiɗanka, wato yawan bugunsa a minti ɗaya, za ka samu yawan hotunan da ke cikin bugu ɗaya. A sauri 120 bugu ɗaya hoto 12 ne, a sauri 90 kuma 16 ne. A ce daga inda jarumi ya fara gudu zuwa inda ya buɗe ƙofa daƙiƙa 19 ne, kana son gaɓa goma masu bugu huɗu-huɗu, wato bugu 40. Ka ninka 40 da 60 ka raba da 19, zai ba ka kusan 126. Ka sa saurin a nan, babban bugun zai faɗa a kan ƙofar. In zai kuskure, gara ya makara da hoto ɗaya ko biyu da ya riga hoton, domin ido da kunne sun saba ganin abu kafin jin ƙararsa.

Masu kwaikwayon Williams a kwamfuta sukan faɗi a wuri biyu. Na ɗaya numfashi: mai busa begila mutum ne, ba zai riƙe sauti mai ƙarfi ba iyaka ba, amma na'ura za ta riƙe har gobe, kuma nan take kunne yake gane ƙarya. Ka bar gurbin shaƙar iska a ƙarshen kowace jimla, ka kuma zana hawa da saukar ƙarfi a cikin kowane dogon sauti. Na biyu danna haɗin sautuka da hannu biyu a kan sautin goge na gaba ɗaya, wanda ke mai da ƙungiyar makaɗa ta koma kamar ogan. Ka raba su layi-layi, ƙananan goge na ɗaya da na biyu, matsakaita, celo da bes, kowanne da hanyarsa. A can ƙasa ka bar tazara mai faɗi, ta biyar ko ta takwas, wato daga C zuwa C ta gaba. Sautuka masu kusa da juna a can ƙasa suna cakuɗewa su zama laka.

Masu kwaikwayon Zimmer sun fi yawa, kuma kuskurensu ya fi saurin faruwa saboda kayan suna hannun kowa. Sukan zuba komai tun gaɓar farko, ganguna da goge da ƙahonni, sai ya zama babu sauran abin ƙarawa. Ka tsara hawan a takarda kafin ka taɓa kwamfuta: gaɓa takwas na farko fiyano ko sauti ɗaya mai tsawo, takwas na biyu zubin goge, na uku ƙananan ganguna, na huɗu manyan ganguna da bes, ƙahonni a ƙarshe. Kafin babban bugu ka ɗauke komai na tsawon bugu ɗaya ko biyu, wannan gurbin ne zai sa saukar ta yi nauyi. In ka jera ganguna da yawa, ka zaɓi masu murya daban-daban, ka ɗan gusar da wasu gaba ko baya kaɗan, sannan ka rage musu tsakanin hez 200 zuwa 400 (hez shi ne ma'aunin zurfin sauti ko tsininsa), inda laka take taruwa.

Sai abin da ya shafi inda za a kalli aikinka. An haɗa kiɗan Man of Steel ne don sinima mai lasifikar bes ta musamman, wadda ke ɗaukar sautukan da ke ƙasa da hez 120. Mafi yawan masu kallon finafinanmu a waya suke kallo ko ƙaramar talabijin, kuma lasifikar waya kusan ba ta fitar da komai a wannan zurfin. In duk ƙarfin kiɗanka yana can ƙasa, a waya zai ɓace, a bar ɗan kallo da ƙwas-ƙwas ɗin saman ganga. Maganinsa ka ninka layin bes da wani kayan kiɗa a tazara ta takwas sama da shi, ko ka ɗan ƙara masa kaushi don ya haifi sautukan sama da waya za ta iya fitarwa. Salon Williams ya fi tsira a waya tunda karinsa a tsakiya yake, sai dai begila da ƙananan goge suna zaune a wajen hez 1000 zuwa 4000, inda fitar harafin magana yake. Don haka in jarumi yana magana, ka sauke karin zuwa celo ko ƙaho mai taushi, ka ajiye begila sai ya rufe baki. Kafin ka miƙa aiki, ka saurare shi a waya tare da muryoyin 'yan wasa, ka kuma ba mai tace fim ganguna, bes, goge da ƙahonni a fayil daban-daban, don in an yanke fitowar daga baya a iya gyarawa ba sai an dawo wurinka an sake naɗi ba.